Kanwar Ramin Masu Zinari

Buba yana da shanu goma sha ɗaya, amma ɗaya ce yake fara dubawa kowace safiya. Wata ja ce mai ƙaho guda a karkace, kamar kullum tana sauraron wata magana daga ƙarƙashin ƙasa. Ba tasa ba ce. Amininsa Ɗanmalam na wajen Matankari ne ya ba shi ita habbanaye, wato aron da makiyayi yake ba ɗan'uwansa: ta haihu sau uku, 'ya'yan na mai riƙo ne, sannan a mayar da uwar gida. Ta haifi biyu, tana ɗauke da cikin na uku.

Da bazara ta yi nisa, shanun suka fara lasar ƙasa da tauna tsumma. Kowane makiyayi ya san wannan kwaɗayin kanwa ne. Kanwa kuwa ta yi wuya a kasuwa.

Gabas da rugarsu, a ƙasar Sukukutane, akwai ramukan da wasu baƙi masu neman zinari suka haƙa. Shekara biyu suna wanke ƙasa da wani magani da suke kawowa cikin bido, wato jarka, sannan suka watse suka bar ramukan a buɗe. Babban cikinsu bai taɓa ƙafewa ba. Ruwansa kore ne da safe, da yamma ya koma launin tagulla. Kwaɗo ba ya kuka a ciki, sauro ba ya sauka. A bakinsa kuma wani farin abu ya daskare yana ƙyalli.

Buba ya dangwala ya sa a harshe. Gishiri-gishiri, ɗaci-ɗaci.

"Ajuma," ya ce wa matarsa, "Allah ya aiko muna kanwa har gida."

Ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa jin kanwa ta tsiro inda babu ita bara ba."

A lokacin ne magadan gari na yankin suka haɗa hannu don a cike ramukan, a kuma share kwarin da ruwansu yake malalawa ciki da damina. Aka fara kewaye su da ƙaya, aka kafa allo da rubutun Faransanci. Mai kula da aikin wani saurayi ne, Nazifi, Ba'are, wato ɗan ƙabilar Arawa. Ba'are da Bafillace irin Buba kuwa taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu ba su zolayi juna ba.

Nazifi ya tarar da Buba ya janye ƙayar, yana kankarar farin abin nan cikin buhu.

"Kai, bawana! Wa ya ba ka izinin shiga gonar ubangijinka?"

"Ku Arawa ke nan. In kun ga abu mai daɗi sai ku kewaye shi da ƙaya."

"Baba Buba, wanga abu ba kanwa ba ne, guba ne. Ko tsuntsu ya taɓa sai ya faɗi."

"Haka ka ce nonon Ajuma rabinsa ruwa ne, ka shanye ƙwarya guda har da lashe baki!"

Ma'aikata suka fashe da dariya. Nazifi ma ya yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ɓata komai. Ya hau babur yana cewa ranar Litinin manyan motoci za su zo da ƙasa. Shi a ganinsa ya yi gargaɗi. Buba kuwa abin da ya ji shi ne Litinin za a binne masa kanwa.

Ya cika buhu biyu. Ɗaya ya ba wani mai amalanke da zai tafi Matankari, ya ce a kai wa Ɗanmalam, don wanda ya ba ka saniya bai kamata ka samu alheri ka manta da shi ba. Ɗayan ya jiƙa a kwamin da shanunsa ke shan ruwa. Shanu suka sha har suna ture juna.

Washegari da hantsi suka fara rawar jiki, kumfa na zuba daga bakinsu. Kafin azahar bakwai sun faɗi. Jar ce ta ƙarshe. Ta durƙusa a hankali saboda nauyin ciki, ta ɗora kai a kan ƙafar Buba, ba ta sake ɗagawa ba.

Ajuma ce ta yi ihu: "Buhun Ɗanmalam!"

Buba ya kwance igiyar wuyan jar ya cusa a aljihu, ya tari mai kabu-kabu. Duk hanya yana roƙon Allah ya sa tayar amalanken nan ta fashe, ko jakin ya ƙi tafiya.

Tun daga nesa ya hango ungulu a kan gawo.

Ɗanmalam yana zaune a bakin garke, babu abin da ke tsaye a bayansa sai turaku. Ya tashi ya tarbi baƙonsa, ya gaishe shi har da tambayar gajiya.

"Kada ka ce komi, Buba. Na san ba ka sani ba. Tun ɗazu nake ba iyali haƙuri, na ce musu ai ba mu ƙare ba. Ja tana wurin Buba, ga ta da ciki. Da ita za mu sake farawa."

Buba ya sa hannu a aljihu. Ya ciro igiyar wuyan jar, ya miƙa masa.

Jama'a, ramin da masu haƙa suka gudu suka bari ba rijiya ba ce, abin da ya fito daga cikinsa kuma ba kyautar Allah ba ce. In an kewaye shi, kada mu janye ƙayar, mu kama a cike shi. Kai kuma da ka san haɗarin, ajiye wasa ka faɗa da gaske, har sai ka tabbata an ji.