Jaki Mai Gyambo Biyu

Mutum biyu ne suka ishe ni a garin nan. Ɗaya duk ganyen da ya gani sai ya rantse maka magani ne, ɗayan kuwa in abu bai zo cikin kwalba ba, wai shirme ne. Dukkansu ragwaye, babu wanda ya taɓa ɗora tukunya ya gani da idonsa.

An yi wani mai jaki, da jakin yake kai wa mutane taki gona, da shi gidansa ke ci. Ana tsakiyar bazara, aiki ya kankama, sai akumari ya goge wa jakin baya. Gyambo biyu suka fito, dama da hagu, suna zubar da mugunya, ƙudaje na biki. Surukinsa ya ce ganyen darbejiya ba shi da na biyu. Maƙwabcinsa ya ce tsoho ya rikice, ganyen gwaba ne. Suka tsaya a ƙofar gida suna ta da jijiyar wuya, jaki na ciki yana rama. Mai jakin ya ɗora tukwane biyu, ya dafa kowane ganye daban, ya tace, ya bari ya huce. Gyambon dama ya riƙa wankewa da wannan, na hagu da wancan, kowanne da tsummansa. Suruki ya yi fushi, wai an auna maganarsa da ta yaro. Mai jakin ya ce masa, "Baba, yi haƙuri, jakin ne zai raba gardamar." Ba a jima ba gyambo ɗaya ya tsotse ya kame, ɗayan yana nan jiya i yau. Ya kifar da tukunyar da ta gaza, ya ci gaba da wadda ta ci. Kafin ruwan shuka jaki ya koma ɗaukar mangala, har da harbin iska.

Wane ganye ne ya ci? Ba zan faɗa ba, na san halinku, gobe sai ku tsige bishiyar mutane kuna shafa wa kowane ciwo. Ai masu ɗakin gwaje-gwaje ma haka suke yi: su tatso ruwan ganye, su ɗiga kan ƙwayoyin cuta, su zuba ido su ga wanda zai kashe su. Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai ja da wannan, ya fito ya musa ina ji.