Akuyar Inna Tasalla

Tun hantsi Halliru yake hura tafin hannunsa, inda igiya ta goge masa fata, yana tsaki. Bai gama da wannan ba aka aiko masa cewa mahaifiyarsa, Inna Tasalla, tana nemansa yanzu-yanzu. Ya canza riga, ya zura wata tsohuwar taguwa, ya nufi gidanta a ƙarshen garin Roni.

Ya tarar da ita a tsakar gida, ɗan akuya a cinyarta yana kuka da 'yar muryar da ta rage masa. An kama uwar. Akuya ce da ƙanwar Inna ta aiko mata daga Gwiwa kwanan nan, shekaranjiya ta haihu, yau da sassafe ta tsinke igiya daga turke ta fice. Ga shi damina ce, sanƙira ya riga ya yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, wadda aka gani a sake dogari ya kai ta garken gidan hakimi.

"Wace iri ce, Inna?"

"Ja ce, da guntun igiya a wuya."

Halliru ya dubi tafin hannunsa.

"Je ka karɓo min ita, kai ka san mutanen nan," in ji ta. "In ɗan nan ya mutu, wallahi wanda ya kama ta sai na yi masa Allah ya isa."

"Haba Inna, kada ki yi wa kowa baki. Yanzu zan dawo da ita."

Ya fita ransa a ɓace. Dama dokar nan ta daɗe tana ba shi haushi. Shi a ganinsa, in dabba ta ci gonar wani, mai gona ya kai ƙara a bi masa hakkinsa, shi ke nan. Amma akuyar da ta tsaya a bakin hanya tana cin ciyawar Allah, ko kunyar gero ɗaya ba ta taka ba, wa ta zalunta? Ɓarayin shanu suna can bayan duwatsu suna abin da suka ga dama, an bar su, an sa ƙatti da rawani suna bin awaki a guje, yara na yi musu dariya. Gobe kuma sai a ce kaza ma sai ta nemi izini kafin ta ƙetare hanya.

Yana tafe yana wannan mita, mata suna leƙowa daga zaure. Wata ta yi wuf ta janye tunkiyarta cikin gida, sannan ta gaishe shi daga bayan zana. Bai ko amsa ba.

Hakimi ya tafi Kazaure gaisuwa, sai wakilinsa, Malam Falalu, a zaure yana ɓare gyaɗa. Daga bayan katanga Halliru yana jin kukan awaki, kuma cikinsu ya gane muryar jar akuyar. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi bayani.

"Sai hakimi ya dawo," in ji Wakili.

"Ranka ya daɗe, jego take yi. Ɗan ba zai kai gobe ba."

"Kai ka fi kowa sanin dokar nan, Halliru. Abin da ya shiga garke, bakin hakimi ne kaɗai ke fitar da shi. In na sakar maka taka, me zan ce wa masu sauran?"

"To a saki duka mana! Wa suka yi wa ɓarna?"

Wakili ya ɗago ya kalle shi, kallon da ke cewa ka kiyayi abincinka. Halliru ya haɗiye sauran maganar. Ya roƙi a bar shi ya kawo ɗan ya sha nono ya mayar. Aka ce a'a, in ya shiga shi ma ya shiga ke nan. Ya roƙi a tatso masa ko a ludayi. Aka ce mai kula da garken ya tafi gona, kuma ba a buɗe ƙyaure in ba ya nan.

Haka ya wuni tsakanin zaure da gonar mai garke, wanda aka ce ya wuce rafi, a rafi kuma aka ce ya koma gona. Ya zaga gidajen masu awaki neman mai jego, kowa ya gan shi sai ya ce shi ba shi da akuya sam, alhali ga kukanta daga ciki. Takaici ya ishe shi, har ya ji kamar ya haura katangar. Ya tuna abin da zai biyo baya, ya fasa.

Bayan la'asar ya koma hannu wofi. Gidan ya yi tsit. Inna tana nan inda ya bar ta, ludayin kunu a gefe, ɗan akuyar a shimfiɗe kan buhu, ƙuda na binsa.

"Faɗa min sunan wanda ya kama ta," in ji ta.

"Inna, suna ba zai dawo da shi ba. Umarni aka ba mutum, ya bi."

"Umarnin ne ya rufe masa ido bai ga nononta a cike ba?"

Ta gyara zama, ta fuskanci gabas, ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ko waye shi, ko ɗan waye, ba ta yafe ba, Allah ya isa tsakaninta da shi, kuma kada ya ga daidai a aikinsa. Sannan ta juyo ta kalli ɗanta.

"Ka yi shiru. Ka ce amin mana."

Halliru ya dunƙule hannun da igiya ta goge. Shi ne dogarin da ya ja jar akuyar nan da safe, tun daga bakin hanya har garken hakimi.