Lofe Mai Ciko

Tun da safe Léandre ya share shago, ya goge gilashi, ya jera aikinsa a kan koren ƙyalle. Abu ɗaya ne ya gagari tsintsiya: mahaifinsa.

Tsoho Anselme yana nan a kujerarsa ta gefen murhu, da lofen shan taba a baki. Duk Saint-Claude, garin da kowane gida ya san sassaƙar lofe, babu lofe mai muni kamar wannan. Koƙon a karkace yake, hudar iskar ta kauce, in tsohon ya zuƙa sai lofen ya yi fito kamar buta a kan wuta. Ga kuma ciko a gefe. Wanda ya sassaƙa shi ya tarar da rami a cikin icen, maimakon ya yar, sai ya cusa danƙo ya shafe da launi. Shi kuwa ciko ba ya rufa wa mai shi asiri. Hayaƙin shekaru ya mai da icen baƙi ƙirin, danƙon yana nan jajir, ana hango shi tun daga ƙofa.

Léandre kuma da magana ɗaya ya yi suna: "Hannuna bai taɓa yin ciko ba." Saiwar icen buruyar da ake kawo masa daga Corsica don sassaƙa lofe, in ya yanka ya ga rami ko da na bakin allura ne, murhu ne makomarta. Don wannan maganar masu tara lofe suke ƙetaro duwatsu su zo shagonsa. Ya sha yi wa uban lofe na gani na faɗa, masu zanen ice a miƙe sambal. Tsohon yakan karɓa ya sa albarka, ya kai aljihun tebur ya rufe. Nasa dai mai fiton nan shi ne a hannu, da wani riƙo da babu mai yin irinsa, babban yatsa a kwance a kan wuyan lofen. Ko cin abinci zai yi ba ya ajiye shi a tebur, sai a aljihu.

Yau kuwa Mogens ne zai zo, mutumin Copenhagen, wanda in ya yaba wa masassaƙi ya ɗaga shi, in ya taɓe baki ya binne shi.

"Baba, yau dai ka hau sama ka huta mana."

"Nan ya fi ɗumi, Lélé."

"To don Allah ka bar kirana Lélé a gaban baƙi. Furfura fa na yi."

"Na ji, Lélé."

Mogens ya iso da abokansa biyu. Aka yanka cuku, aka zuba ruwan inabi. Ya riƙa ɗaukar lofe ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a hasken taga, yana shafa su a hankali kamar ƙwai. Léandre ya maimaita maganarsa ta kullum, baƙon ya gyaɗa kai. Komai yana tafiya daidai, har lofen tsoho ya yi fito.

Baƙin suka waiwaya gaba ɗaya. Mogens ya matsa kusa, ya gyara tabarau, murmushi ya suɓuce masa.

"Baba, ara mini in gani mana," in ji Mogens.

"Da zafi," in ji Anselme.

"Aikin wane ne?"

"Na manta." Wannan kuwa tsoho ne da bai manta sunan karen maƙwabcinsu na zamanin yaƙi ba.

Mogens ya dubi abokansa. "Mun sha tafiya don mu ga gidan da ba a ciko, ga shi mun tarar da sarkin ciko a zaune gefen murhu."

Suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma Léandre ya san za ta riga su isa Copenhagen. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunyar lofen ta kama shi, da ta tsohuwar rigar uban, da ta uban kansa, kuma wannan ta ƙarshen ita ta fi ƙona shi. Zuciya ta ɗebe shi, ya kama lofen ya ja. Tsohon ya riƙe da ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba, sannan ya saki.

"Komai za ka yi," in ji shi ƙasa-ƙasa, "kada ka miƙa wa baƙon nan."

Léandre ya ɗaga lofen sama, tafinsa a dunƙule a kansa. "Irin wannan aikin ne yake zubar wa garinmu da mutunci. Wanda ya yi shi bai cancanci a ba shi ko tsintsiyar shago ba. Ga inda nake kai irinsa."

Ya buɗe murhu ya jefa.

Anselme bai kalli wutar ba. Sai dai ya kalli baƙon, ya ga bai matso ba, sai ya sunkuyar da kai yana murza babban yatsansa da ya rasa abin dannewa.

Buruyar ba ta saurin kama wuta, shi ya sa ake lofe da ita. Lokacin da Léandre ya durƙusa zai rufe murhun, bakin tsotsar ya riga ya narke, amma icen yana kwance a kan garwashi, wuyan yana kallon sama. Wurin da yatsan tsohon ya rufe duk shekarun nan ya fi sauran haske, kuma akwai rubutu a jiki, wanda aka karta da ƙusa, rubutun yaron da bai gama sanin inda harafi yake fuskanta ba: Lélé.