Wanda Aka Bar wa Lasisi

"Ni ke tuƙi," in ji Ryusei.

Ɗan sandan ya dubi jar motar tseren, ya dubi keken da ya lanƙwashe a ƙarƙashinta, bai ja magana ba. Duk ƙauyen an san Ryusei da gudun tsiya a hanyar dutse.

Aka soke lasisinsa. Yarinyar da ke kan keken ta rayu, amma ita da tafiya har abada. Abokan tsere suka watse, maƙwabta suka daina amsa gaisuwarsa. Ryusei ya shanye. Gara shi da a ja kakansa kotu, tsohon da ya roƙi ɗanin motar, ya taka totur maimakon birki, kuma kafin magariba ruɗewar tsufa ta sa ya manta komai.

Ran Litinin da safe Ryusei ya ji tashin inji. Ya fito a guje. Kakan ne a farar a-kori-kurarsa, har ta fara gangarawa, ga Koharu ƙanwar Ryusei a gefensa rungume da jakar makaranta.

Tsohon ya leƙo ta taga.

"Ka ga abin da gangancinka ya jawo mana? Koma ciki. Daga yau ni zan riƙa kai ta."