Abin da Kaka Ba Za Ta Iya Roƙo Ba

Mansur ya iske Afra'u ƙarƙashin gawo, yana murmushi.

"Kakata ta Lugu ta amince da aurenmu. Ta ce za ta roƙi doguwar da ta taɓa bayanki kina yarinya."

Afra'u ta dubi tafin hannunta.

"Ba doguwa ba ce, Mansur, cutar kansa ce. Da hasken na'ura aka ƙone ta a ƙashin bayana, hasken ya ratsa ƙirjina. Likita ya ce tana iya fitowa a nono."

"Yaushe?"

"Bai sani ba. Kowace shekara zan je Yamai a duba."

"Me zan gaya wa Kaka?"

"Wannan ba ta jin roƙo."

Ya zauna kan yashi kusa da ita. Bai tashi ya tafi ba.