Wa Ya Fitar Muku da Sirrin?

Bature ya kutsa cikin masu ɗaukar fim a bakin kasuwar Birnin Gwari, gumi ya jiƙa masa riga. Tun safe ya kasa zama a ofis, bayan ya ga tallar fim ɗin a waya: wani jami'in gwamnati irinsa yana tsegunta wa 'yan bindigar daji ranar da sojoji za su shiga dajin.

Ya tsaya gaban darakta. "Malama Lailatu, wa ya fitar muku da sirrin nan? Mu biyu kaɗai muka sani, ni da shugaban 'yan bindigar!"

Lailatu ta saki baki. "Yallaɓai, ai ƙagaggen labari ne. Daga kaina na rubuta shi."

Sai ta waiga wajen mai kyamara. "Micah, ka kashe?"

"A'a, Malama. Tana ɗauka."