Takarda Ta Arba'in da Bakwai

Hanne ƙawata, matso kusa ki ji labarin wata ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya. Ba zan kama sunanta ba.

'Yar Kademi ce ta ƙasar Gaya, marainiya, ita kaɗai Allah ya bar wa uwarta. Tana shekarar ƙarshe aka ba su aikin bincike su biyar: su tambayi mata ɗari da ashirin masu hawan jini a Gaya da Ajingi yadda suke zaune. Malam Abdulsalam, mai koya musu lissafin ƙididdiga, ya kafa doka: ba a rubuta suna, ba a rubuta gari, kuma ba mai tambaya a garinsu, don kada kunya ta gurɓata amsa. Sai aka tura ta Ajingi. Da aka gama, aka zuba takardun a kwali ɗaya aka cakuɗa.

Ita aka bar wa haɗa lissafin. Sauran sun tafi hutu, ta zauna ita kaɗai a ɗakin karatu. Rabonta da gida tun babbar Sallah, ga shi har Rajab ya raba.

Tambaya ta tara cewa take: kwana nawa rabon da wani naki ya zauna ya ci abinci da ke? Wata ta ce biyu, wata huɗu. Da an tara an raba, kwana uku ake samu. Sai takarda ta arba'in da bakwai ta ce ɗari biyu da goma sha uku. Ita kaɗai ta ja lissafin kowa ya koma kusan biyar.

Rubutun da ke kan takardar ba na ɗalibai ba ne. Manyan baƙaƙe ne a karkace, irin na wanda ya koya daga jikin kwalin magani.

Malam ya duba ya ce, "Kuskure ne. Tsohuwar da ba ta san watan haihuwarta ba ce za ta ƙirga kwanaki? Cire ta, ki gama aikinki."

Ta ce, "Malam, da ta ce ɗari biyu cif, sai na yarda. Sha ukun nan fa? Wannan ƙirgawa take yi."

"To nemo ta. In ba ki tabbatar ba kafin azumi, ko ki cire, ko ki maimaita shekara."

Ta tambayi Afra'u, wadda ta yi ɓangaren Gaya. Afra'u ta ce, "Ke dai da naci! Tsofaffi nawa na gani? Duk hijabinsu iri ɗaya."

Haka ta shiga bin ƙananan asibitoci ranar awon jini, a bayan babur, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ta nuna rubutun ga duk wanda ta samu. Ba wanda ya gane shi. Ta rame. In ta sa abinci a gaba sai ta tuna matar, ta ture kwanon.

Ranar wata Juma'a ta kira gida. Minti biyu, kamar kullum.

"Inna, ba zan samu zuwa farkon azumi ba. Wata baiwar Allah nake nema, 'ya'yanta sun yar da ita. Wallahi da zan gan su, sai na gaya musu magana."

Uwar ta kalli bangon ɗakinta inda take jan layi da gawayi bayan kowace sallar asuba. 'Yar ba ta taɓa ganin ta riƙe biro ba. Ita kuma ba ta taɓa iya buɗe baki ta ce wa 'yar fari "zo" ba.

Ta ce, "Kada ki zage su. Wataƙila karatu ne ya riƙe su. Allah ya haɗa ku."

Har yau tana can tana nema, Hanne. Layukan bangon nan da kike jingine da shi sun kai ɗari biyu da arba'in, amma don Allah kada ki gaya wa kowa.